Labarin Zuciya A Tambayi Jini

Tun muna yara muke jin manya suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni kaina na sha kawo wannan karin magana cikin jarrabawa, na yi mata dogon sharhi har malami ya ba ni maki mai tsoka. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan tsaya gaban mahaifina in tambayi fuskarsa labarin zuciyarsa, fuskar ta ɓoye mini, ni kuwa in gaskata ta ba. To, wannan labari ne na zo da shi, ya 'yan'uwana ɗalibai da malamaina. Tonon asirin kai ba daɗi, amma na san da yawa daga cikinmu in mun koma gida mu ne likitoci, mu ne lauyoyi, mu ne alƙalai a idon iyayenmu, abin da muka faɗa kuwa da shi ake aiki.

Mu mutanen Makera ne, cikin ƙasar Dutsin-Ma. Mahaifina manomi ne, da damina ya yi gero da dawa, da rani kuwa ya gangara wajen ruwan Zobe ya yi tumatir da tattasai da albasa. Yana da wani tsohon injin ban-ruwa da yake lallashi kamar ɗan fari, ba ya barin kowa ya taɓa shi sai bakanikensa. Shi irin mutanen dā ne waɗanda ke ganin faɗin ciwo ragwanci ne. Na taɓa ganin kunama ta harbe shi a bakin rumbu, ya dube ta kawai ya take ta, ya ci gaba da ɗaurin daminsa. Shekarun baya an gaya masa yana da hawan jini, aka ba shi ƙwayoyi, ya sha na wata biyu, da ya ji kansa ya daina sarawa sai ya jefa sauran cikin tukunyar Inna, ya ce mai lafiya ba ya shan magani.

Cikin hunturun watan Janairu na 2023, lokacin nan da takardun kuɗi suka yi ƙaranci har mutum ya wuni da kuɗi a banki amma ba ko sisi a aljihunsa, na zo gida ƙarshen mako. Ran Asabar bayan la'asar muna bakin gona, Baba ya sunkuya zai ɗaga injin nan mu ɗora bisa amalanke, sai na ga ya sake shi, ya miƙe a hankali, ya dafa ƙirji. Ya nemi gindin itace ya zauna. Iska tana kaɗawa, ni ina sanye da rigar sanyi, amma goshin Baba ya jiƙe sharkaf da gumi. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ba komai, Auta. Wani abu ne ya danne mini ƙirji kamar an ɗora dutsen niƙa, yanzu zai wuce." Can kuma ya shafa kafaɗarsa ta hagu har zuwa muƙamuƙi, ya ce zuciyarsa na tashi.

A nan ne na yi kuren da har yau nake jin nauyinsa. Na duba fuskarsa na ga ba firgita a cikinta. Na tuna bai ci komai ba tun kokon safe sai goro. Na tuna abokan kwanana na makaranta, rabinsu suna kukan gyambon ciki, kowa da kwalbar farin maganinsa a ƙarƙashin gado. Sai na gyara murya irin ta ɗan jami'a na ce, "Baba, ai wannan olsa ce. Yunwa ce da goro." Na hau babur na je kemis na karɓo farin maganin nan bashi. Da muka isa gida Inna ta dube shi, ta ja ni gefe ta ce, "Auta, gumin nan fa? Mutum ya yi gumi cikin wannan sanyi?" Na ce mata haka olsa take yi. Ta yi shiru, domin a ganinta wanda ya je jami'a ya fi ta sani, alhali kuwa a ranar nan ita ce ta yi tambayar likita, ni kuwa na ba da amsar jahili.

Da dare ya raba ciwon ya dawo. Na ji Baba yana juyi bisa gado yana salati ƙasa-ƙasa don kada ya ta da kowa. A lokacin ko da na so mu fita, ba direban da zai yarda ya hau hanya, kowa ya san yadda 'yan bindiga suka mai da daren ƙasarmu. Da ma da rana ce muke da dama, ni kuwa na ɓatar da ita wajen sayen maganin olsa. Gari na wayewa muka kai shi asibitin da ya fi kusa, aka auna jininsa aka ga ya hau ƙwarai, aka ce maza mu wuce Katsina. Kafin mu sami mai motar da zai karɓi kuɗi ta waya, mu bi ta Kurfi mu ci tafiyar nan ta kimanin kilomita 60, har an kira azahar.

A wani babban asibiti na Katsina aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana bugun zuciyarsa bisa doguwar takarda. Wannan awo shi ake kira isiji. Likitar, wata matashiya ce mai natsuwa, ta daɗe tana duban takardar, ta ce akwai alamun da ba ta gamsu da su ba, amma ba su isa a yanke hukunci ba. Ta ce, "Baba, ina ke maka ciwo?" Baba ya gyara zaman hularsa ya yi murmushi ya ce, "Likita, ai na warke. Yaran nan ne da rigima. A sallame ni, tumatir na can yana jiran ruwa." Wallahi in da fuska ake bi, da a take an sallame shi. Sai ta ce a ɗebi jininsa a kai ɗakin gwaji, kuma bayan awa 3 a sake ɗiba. Ni har na ji haushi a raina, domin a sanina gwajin jini na zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, me ya haɗa shi da ƙirji? Ga tsada, ga ba kuɗi a hannu.

Da sakamako ya fito likita ta kira ni, ta yi mini bayani da Ingilishi, ta ce wani sinadari mai suna turofonin ya hau cikin jinin Baba ninkin ba ninkin, kuma na biyu ya fi na farko, watau tsokar zuciyarsa ta ji rauni, tilas ya kwanta. Aka kira ta wajen wani majinyaci, ta bar ni in fassara. Nan fa ido ya raina fata. Na ce, "Baba, an ce ciwon zuciya gare ka." Ya harare ni ya ce, "Ni? Ban riƙe kowa a raina ba, ba wanda ya ci mini bashi ya hana ni barci. Wane irin ciwon zuciya?" Na ce to bugun zuciya ne. Ya ce, "In ba ta buga ba ai da kun binne ni." Ya fara laluben takalmansa.

Allah ya kawo wani dattijon malamin asibiti da ke jin mu. Ya jawo kujera ya zauna ya ce, "Malam, na ji kana maganar ban-ruwa. Kana da inji?" Baba ya ce yana da shi. Ya ce, "In bakanike ya juye baƙin mai ya murza shi a yatsa, ya ji ɓarɓashin ƙarfe a ciki, me ke nan?" Baba ya ce, "Inji na cin kansa daga ciki." Ya ce, "Ko da ana jin ƙararsa lafiya lau?" Baba ya ce, "Ko da yana tashi bugu ɗaya." Ya ce, "In aka ci gaba da aiki da shi fa?" Baba ya ce, "Ya buga." Dattijon nan ya ce, "To, Malam, mun juye baƙin manka mun ga ɓarɓashi." Baba ya yi shiru, ya saki takalmin, ya mai da ƙafafunsa bisa gado. Ni da nake taƙama da nazarin Hausa na tsaya kamar gunki, wanda bai taɓa shiga ajinmu ba ya yi cikin minti biyu abin da ya gagare ni.

Kwana 6 muka yi a asibitin nan, kuma kunya ce ta sa na zauna na nemi sanin abin da ya kusa raba ni da mahaifina. Bari in gutsura muku abin da na samo. Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya. Ko da yake jini ne cike da cikinta, ba daga nan take sha ba, tana da nata ƙananan jijiyoyi da suka kewaye ta ta waje suna shayar da ita. Hawan jini da ciwon sukari da shan taba da yawan kitse a jini su ke ɓata bangon jijiyoyin nan, maiƙo ya riƙa taruwa a jikinsu shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba. Ran da tarin nan ya tsage, sai jini ya daskare a wurin ya toshe hanya, ko duka ko wani sashe. Yankin tsokar da ke sha daga wannan jijiya sai ya fara mutuwa, kuma tsokar zuciya in ta mutu ba ta tohowa, tabo ne ke maye gurbinta.

Shi kuwa turofonin wani furotin ne da ke zaune cikin ƙwayoyin tsoka, aikinsa kamar na mai gadin ƙofa, in sinadarin kalsiyam ya iso sai ya buɗe hanya tsoka ta tsuke, in ya janye ta saki. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Setsuro Ebashi, shi ya gano shi ya raɗa masa suna a 1965. Kashi uku ne a haɗe, ana kiransu T da I da C. Abin da ya sa ya zama abin dogaro shi ne T da I na tsokar zuciya sun bambanta da na tsokar hannu da cinya. A jinin mai lafiya ɗan kaɗan ne ƙwarai ake samu. Saboda haka in an gan shi da yawa yana yawo cikin jini, an san ƙwayoyin tsokar zuciya ne suka fashe suka zubar da shi. Ɓarɓashin da dattijon nan ya faɗa ke nan.

Ba dare ɗaya aka kai ga wannan ba. A farkon ƙarni na 20 Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera na'urar isiji, har aka ba shi kyautar Nobel a 1924, amma ba kowane rauni ne take nunawa a fili ba, kamar yadda muka gani ga Baba. A 1954 wasu likitoci uku a Amurka, Karmen da LaDue da Wroblewski, suka lura wani sinadari da ake yi wa laƙabi da AST yana hawa cikin jinin wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe. Matsalarsa ita ce hanta ma tana da shi, mai ciwon hanta sai a ɗauke shi mai ciwon zuciya. Daga baya aka koma ga wani mai suna CK, shi kuma yana cikin kowace tsoka, manomin da ya wuni yana huɗa ko wanda aka yi wa allura a cinya duk sai nasu ya hau. Cikin shekarun 1970 aka tace shi aka ware CK-MB wanda ya fi kusa da zuciya. Sa'an nan cikin shekarun 1980 Hugo Katus na Jami'ar Heidelberg ta ƙasar Jamus ya ƙago hanyar auna turofonin T a jini. A shekara ta 2000 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka haɗu suka sa turofonin a gaban sauran gwaje-gwajen jini wajen tabbatar da wannan ciwo. Na'urorin yanzu har sun kai ga auna shi da ma'aunin nanogiram cikin litar jini, watau giram ɗaya a kasa shi kashi miliyan dubu.

Amma akwai abu biyu da likitar ta ja kunnena a kansu. Na farko, turofonin yana da lokacinsa. Yakan fara bayyana cikin jini awa 2 zuwa 4 bayan rauni, ya kai ƙololuwa wajen kwana ɗaya, kana ya riƙa sauka a hankali, wani lokaci har kusan mako biyu ana ganin saurarsa. Wanda ya iso asibiti da wuri ana iya samun gwajinsa na farko lafiya, shi ya sa ake maimaitawa bayan 'yan awoyi a ga ko ya motsa. Na biyu, turofonin shaida ne, alƙalanci kuwa na likita ne. Yana faɗin cewa tsokar zuciya ta ji rauni, amma ba ya faɗin wanda ya ji mata. Ciwon ƙoda da ya daɗe, da gazawar zuciya, da cutar da ta bazu cikin jini, da gudan jini a huhu, duk suna iya ɗaga shi. Sai likita ya haɗa shi da bayanin majinyaci da takardar isiji kafin ya yanke magana. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ruga ɗakin gwaji ya karɓo takarda ya zauna yana yi wa kansa fassara, ya maimaita irin kurena da sabon salo.

Baba ya ce da likita shi a saninsa wannan ciwon Turawa ne da masu kuɗi, kuma na san da yawa cikinmu haka suke zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, mafi yawansu kuwa a ƙasashe marasa ƙarfi ne. Mu nan gida ma zuciya ta daɗe tana ba mu wuya. Cikin shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Farfesa Eldryd Parry da Dokta Davidson sun rubuta yadda zuciyar mata masu jego take gazawa, kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100 a wannan yanki, suka yi zaton kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu. Daga baya Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka auna jinin irin waɗannan mata a Kano, suka bayyana a 2015 cewa da yawansu suna da ƙarancin sinadarin seleniyam. A nan ma jini aka tambaya. Game da irin ciwon Baba kuwa, wani bincike da Farfesa Simeon Isezuo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya jagoranta, wanda ya tattara majinyata sama da 1,000 a asibitocin Nijeriya tsakanin 2013 da 2018, ya nuna fiye da rabinsu sai bayan awa 12 da fara ciwo suka isa asibiti. Da na karanta wannan sai na ga kaina a ciki, domin mu mun haura awa 20.

An yi wa Baba allurai masu hana jini daskarewa, aka ɗora shi bisa asfirin da maganin rage kitsen jini da na hawan jini. Aka duba zuciyarsa da irin na'urar da ake duba masu juna biyu, aka nuna mini wani yanki na bangonta da ba ya motsi kamar sauran. Na tambayi likita ko da mun zo tun la'asar ɗin Asabar da wurin nan ya tsira. Ta ce a wannan ciwo kowace awa tsoka ce, da an fara magani da wuri da an fi sa ran rage ɓarna. Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Alhamdu lillahi, Baba yana raye. Amma mutumin da ke saɓa buhun albasa shi kaɗai, yau in zai je masallaci sai ya tsaya sau ɗaya a ƙofar maƙwabci ya huta, yana fakewa da gaisuwa. Injin ban-ruwa ya koma hannun yayana. Wata rana da dare muna zaune a zaure na tattara ƙarfin halina na ce, "Baba, ka yafe mini, ni na ce olsa ce." Ya ce, "Auta, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ni ma da na faɗi iyakar abin da nake ji, da uwarka ba ta saurare ka ba." Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "Amma gaba in ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ba a korar mutum daga jami'a don wannan." Yanzu ƙwayoyinsa suna cikin aljihun gaban rigarsa, wurin da goro yake zama dā.

Saboda haka, ya mai karatu, in ka ga babba ko yaro ya dafa ƙirji yana cewa an danne shi, ko nauyin ya bi kafaɗa da hannu da muƙamuƙi, ko gumi ya keto masa ba dalili, ko numfashi ya yi masa wuya, kada ka tsaya duban fuskarsa, balle in irin iyayenmu ne da suka iya haɗiye ciwo. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari ma sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai gajiya da haki da tashin zuciya. Ka kai shi asibiti tun rana ba ta faɗi ba, ka bar likita ya ce olsa ce. In olsar ce, ka yi asarar kuɗin mota kawai. Ya kamata kuma hukumomin lafiya su sa ido a kai na'urar isiji da wannan gwaji manyan asibitocin ƙananan hukumomi, don mutumin Makera ko Kurfi ya san matsayinsa ba sai ya kai Katsina ba.

Mu kuma 'yan wannan ƙungiya akwai namu aikin. Kalmar zuciya a Hausa ta ɗauki kaya da yawa: mai zuciya jarumi ne ko mai fushi, ciwon zuciya baƙin ciki ne, tashin zuciya amai ne, bugun zuciya kuwa shi ne alamar rai, shi ne kuma abin da ake cewa ya kashe wane. Da irin wannan ruɗani na kusa barin mahaifina ya sa takalmi ya fita. Ina roƙon shugabanninmu su shirya zama da 'yan'uwanmu ɗaliban likitanci, mu gayyato tsofaffin malaman asibiti irin dattijon nan, mu zauna mu tace kalmomin da manomi zai ji ya gane. Karin maganar kakanninmu tana nan da gaskiyarta a sha'anin so da ƙi da ɓacin rai. Amma in tsokar ce ta ji rauni, to, labarin zuciya a tambayi jini.

Nan zan dasa aya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ja kwanan iyayenmu, amin.